Yadda Ake Tarawa da Renon Furanni Masu Albasa a Cikin Gida

Furanni masu albasa su ne waɗanda ke tara abincinsu da ruwansu a ƙarƙashin ƙasa, ko dai cikin wani dunƙule mai ɓawo-ɓawo irin na albasar miya, ko cikin saiwa mai kauri, ta yadda idan rani ya tsananta sai ganyensu ya bushe su kwanta, idan kuma lokacinsu ya zagayo su sake tsirowa su yi fure. Wannan ɗabi'a ce ta sa suka fi dacewa da mai sha'awar tara furanni iri-iri a gida, domin ana iya tono su a adana, a naɗe a takarda a aika wa ɗan'uwa a wani gari, su kuma isa lafiya ba tare da ƙasa ko ruwa ba. Ita ce kuma ke jawo wa mutane da yawa asara, saboda wanda bai san lokacin hutunsu ba yakan ci gaba da kwarara musu ruwa har albasar ta ruɓe, ko kuwa ya ga ganye ya bushe ya zaci shukar ta mutu, ya juye tukunyar a bola. Saboda haka mafi yawan abin da mai lambu zai koya game da su bai wuce sanin lokacin da za a ba su ruwa da lokacin da za a hana su ba.

Matakin farko shi ne zaɓen irin da zai iya zama a ƙasarmu, kuma a nan ne hotunan da ake gani a intanet ke yaudarar mutane. Furen tulif, wanda ƙasar Holan ta yi suna a kansa har cinikin albasarsa ya haukace kafin farashi ya rushe a shekarar 1637, asalinsa daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, kuma ba ya yin fure sai albasarsa ta shafe kimanin makonni 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai kai digiri 9 ba. Ko a Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, hunturu ba ya riƙe irin wannan sanyi dare da rana na tsawon watanni uku. Ana iya sa albasar a firji, amma hakan na buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, sannan ko an dace ta yi fure sau ɗaya, zafin bazara zai gama da ita kafin ta tara ƙarfin shekara mai zuwa. A ganina kuɗin tulif ɗaya gara a sayi irin da zai hayayyafa a gidan har a raba wa maƙwabta. A ƙasashen sanyi, sanyi ne ke kwantar da albasa ya kuma tashe ta, a wurinmu kuwa fari da ruwa ne ke wannan aiki, don haka sai a nemi furannin da ke bin rani da damina.

Akwai su a dajinmu tun fil'azal, sai dai ba a cika ɗaukarsu furannin ado ba. Albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadamu da bakin tafkuna, tana fitar da kara mai kauri ɗauke da manyan furanni farare masu jan zane a tsakiyar kowane kunne, kuma idan ta kama wuri takan shekara da shekaru tana ƙara faɗi. Rumana, wadda manoma ke nomewa a matsayin ciyawa, 'yar'uwa ce ta jini ga giladiyolas ɗin da ake sayarwa da tsada a shagunan furanni, domin yawancin dangin nan asalinsu Afirka ne. Akwai baurere mai hawa bisa kara ko shinge ta hanyar lanƙwasa bakin ganyensa, wanda furensa ke da ja da rawaya a murɗe suna kallon sama, shi ne ma furen ƙasa na Zimbabuwe. Sai kuma wanda masana tsirrai ke kira Scadoxus, wanda ke ɓullo da dunƙulen jan fure mai girman dunƙulen hannu ko fiye daga ƙasa da zarar ruwan farko ya sauka, sau da yawa tun kafin ganyensa ya fito.

Daga cikin baƙin da suka zauna da gindinsu, amarilis ne sarki, kuma da shi nake ba kowa shawarar ya fara. Asalinsa Kudancin Amurka ne, yana jure zafi, yana zama a tukunya, furensa kuma faɗinsa ya kai tafin hannu, akwai ja, da fari, da ruwan hoda, da mai ratsi-ratsi. Bayansa sai ƙaramin furen nan mai ganye kamar lawashi da ake kira Zephyranthes, wanda ke buɗewa gaba ɗaya kwana uku ko huɗu bayan ruwa mai ƙarfi, sai tubaros na ƙasar Meziko wanda farin furensa ke cika tsakar gida da ƙamshi bayan magariba, sai kuma gwangwama mai faffaɗan ganye, wadda ita kaɗai ce cikinsu ba ta ƙin laima.

Wajen saye, masu sayar da shuke-shuke a bakin manyan tituna na Abuja, Kaduna, Jos da Kano sukan sami yawancin waɗannan, amma ba kasafai suke da tabbacin launin abin da ke cikin leda ba, don haka ya fi kyau a saya lokacin da furen ke buɗe, ido na ganin ido. Idan kuwa busasshiyar albasa ce za a saya, sai a ɗauke ta a ji nauyinta, domin mai lafiya tana da nauyi fiye da yadda girmanta ya nuna, sannan a danna ta da babban yatsa a wuya da kuma a gindi. Duk inda yatsa ya lotsa, ko aka ji wari, ko aka ga baƙin gari kamar toka tsakanin ɓawo, to a ajiye ta ko da kyauta ce. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ɗan faifan nan mai tauri da ke ƙarƙashinta, inda saiwoyi ke fitowa, domin albasa na iya rasa ɓawonta da saiwoyinta duka ta rayu, amma idan faifan ya ruɓe babu sauran magani. Girma ma yana da tasiri, albasar amarilis da kewayenta ya kai santimita 26 zuwa sama ita ce ake sa ran za ta yi fure a shekarar, ƙanana kuwa sai an yi musu haƙurin shekara ɗaya ko biyu.

Wanda zai tono na daji ya nemi izinin mai gona, ya fi mayar da hankali ga filayen da ake shirin sharewa don gini ko noma, ya ɗauki biyu ko uku daga gefen kurmin ya bar sauran, kuma kada ya kusanci wuraren da doka ta killace irin su Yankari ko dajin Falgore. Dabarar ita ce a kafa turke a wurin tun da damina lokacin da furen ke bayyane, a koma a tono da kaka bayan ganye ya bushe. Shigo da albasa daga ƙasar waje kuwa, a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS da takardar shaidar lafiyar shuka daga ƙasar da aka saya, kuma bai kamata a cusa ta cikin jakar tafiya a ɓoye ba, domin ta haka cututtukan amfanin gona ke tsallaka iyaka.

Ƙasar shuka ita ce wurin da ake cin nasara ko faɗuwa tun ranar farko. Abin da ake so shi ne ƙasar da ruwa zai ratsa ya wuce ba tare da ya kwanta ba, kuma haɗin da ke aiki shi ne kashi biyu na ƙasar gona mai jigawa, kashi ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, da kashi ɗaya na takin shanu da ya ruɓe sarai har ya zama baƙi ya daina wari. Idan an sami buntun shinkafa da aka babbaka ko dakakken gawayi, a zuba kamar tafi biyu a kowane bokiti. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona saiwa yana kuma gayyato gara, laka kuwa tana riƙe ruwa da damina ta daskare kamar dutse da rani. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a jiƙa haɗin, a dunƙula a hannu, a saki, idan ya tsaya a dunƙule amma ya wargaje da ɗan taɓawa to ya yi, idan kuwa ya manne a tafi yana sheƙi sai a ƙara yashi. Tukunyar ƙasa ta fi roba domin tana numfashi tana kuma sanyaya saiwa da bazara, amma tsohon bokitin fenti ko jarkar da aka yanke ma suna yi, muddin an huda gindinsu a wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi, an kuma ɗora su bisa bulo biyu don kada ramukan su toshe. Amarilis ya fi son matsatsi, tazarar yatsu biyu tsakanin albasa da bakin tukunya ta wadatar, domin babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwa ba ta kai gare shi ba.

Zurfin binnewa ya bambanta, kuma kuskure a nan yana hana fure. Amarilis ana barin sulusinsa na sama a waje, wuya da kafaɗa suna shan iska, haka ma albasar kwaɗi ana barin dogon wuyanta a sarari. Giladiyolas da rumana ana binne su santimita 10 zuwa 15, tsinin na kallon sama, domin idan ba su yi zurfi ba iskar hadari za ta kwantar da su daidai lokacin da suka ɗauki fure. Tubaros da Zephyranthes santimita 5 ya ishe su, na biyun kuma ya fi kyau a dasa shi cunkus, goma sha biyar ko ashirin a kasko ɗaya. Baurere ne mai wuyar sha'ani, saboda saiwarsa doguwa ce mai reshe biyu, tana da saurin karyewa, kuma idonta ɗaya ne tak a ƙarshen kowane reshe, idan ya goge shi ke nan wannan reshen ba zai tsiro ba. Ana kwantar da ita a kwance a rami mai zurfin yatsu uku ko huɗu, a kafa karan dawa ko gora a gefe tun kafin a rufe, don kada a soke ta daga baya. Gwangwama kuwa a kai ta inda ruwan alwala ko na wanke kayan miya ke gangarawa, ban da ruwan wanki mai sabulu da yawa.

Bayan dasawa ana ba da ruwa sau ɗaya sosai, sannan a janye hannu har sai an ga koren tsiro ya leƙo, domin albasar da ba ta da saiwa ba ta shan ruwa, jiƙa kawai take yi. Daga nan sai a riƙa tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, idan an ji danshi a bari sai gobe, kuma a zuba ruwan a gefen tukunya, kada ya shiga cikin wuyan albasa. Ranar safe zuwa hantsi ita ce mafi alheri gare su. A garuruwa irin Sakkwato, Maiduguri ko Zinder, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, furen da zai yi mako guda a inuwa yakan yanƙwane cikin kwana biyu a rana, don haka da zarar kan furen ya fara nuna launi sai a janye tukunyar zuwa gindin bango na gabas ko ƙarƙashin rumfa.

Aikin gaske yana farawa ne bayan fure ya zube, a daidai lokacin da yawancin mutane ke juya wa shukar baya. Albasar da ta yi fure ta cinye ajiyarta, idan aka taɓa ta ma za a ji ta ɗan saki a cikin ɓawonta, kuma ganye ne kaɗai zai mayar mata da abin da ta kashe, shi ne kuma zai gina furen baɗi a cikinta tun bana. Don haka ana yanke karan furen ne kawai, a bar ɗan tsawon yatsa biyu a saman wuya, amma ganye ko ɗaya ba a taɓawa, komai munin da ya yi a ido, ba a kuma ɗaure shi ko kitse shi don gyaran wuri. A wannan lokaci ne ake ciyarwa, rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15 a kowace tukunya sau ɗaya a wata, a barbaɗa a gefe nesa da jikin albasa a bi shi da ruwa. A guji yuriya, domin tana kawo ganye kore shar mai ban sha'awa, amma albasar takan yi laushi ta ƙi fure. Amarilis yana buƙatar watanni biyar zuwa shida yana riƙe da ganyensa, kuma daminarmu ta yi daidai da wannan buƙata, sai dai a watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, wajibi ne a duba kada tukwane su cika su tsaya da ruwa, in ta kama ma a karkata su ko a shigar da su ƙarƙashin baranda na 'yan kwanaki.

Idan kaka ta shigo, wajen watan Oktoba, sai a daina taki, a rage ruwa a hankali har a tsayar da shi ɗungurungum, a bar ganye ya yi rawaya ya bushe da kansa kafin a cire. Amarilis da Scadoxus ana iya barinsu cikin tukwanensu a inuwa, a kwantar da tukunyar a gefenta, wanda hakan ke sanar da duk mai son taimakawa da buta cewa ba a buƙatar ruwa a nan. Giladiyolas da tubaros kuwa gara a tono su, a kakkaɓe ƙasa ba tare da wankewa ba, a shanya a inuwa mai iska na mako biyu. Duk wanda ya ga yadda manoman albasa na Aliero ko Galmi ke adana amfaninsu ya riga ya san ƙa'idar: bisa abin da ya ɗaga daga ƙasa, a inuwa, iska na ratsawa ta ko'ina, ana kuma bi lokaci-lokaci ana tsince wadda ta fara lalacewa kafin ta shafi sauran. Kwando ko buhun raga ya dace, leda kuwa kabari ce gare su. Saiwar baurere da ta gwangwama sun fi son a binne su cikin busasshen yashi don kada iskar hunturu ta tsotse su. Albasar kwaɗi ita ba a tono ta ko kaɗan, domin idan aka dame ta takan yi fushi ta ƙi fure shekara ɗaya ko biyu.

Hutun amarilis makonni takwas zuwa goma ne, bayan haka idan aka kankare ƙasar sama aka zuba sabuwa aka ba shi ruwa, yakan buɗe cikin makonni shida zuwa takwas. Wannan lissafi yana ba mai lambu damar saita furensa da biki ko suna ko zuwan baƙi, ta hanyar ƙirgawa baya daga ranar. Mai tukwane da yawa kuma yana iya tashinsu kashi-kashi, tazarar mako biyu tsakani, daga ƙarshen Disamba, sai gidan ya kasance da fure tun daga Fabrairu har ruwan farko ya tashi na daji.

Babban maƙiyinsu wata tsutsa ce baƙa mai ɗigo-ɗigon fari da rawaya, wadda ke shiga cikin ganyen amarilis da albasar kwaɗi tana ci daga ciki, ta gangara har cikin albasar. Alamarta ita ce ganye ya yi wani fili-fili kamar an jiƙa takarda da mai, kuma idan aka ɗaga shi ga rana ana ganinsu a jere a ciki. A yanke ganyen ƙasa da inda suka kai a ƙona, a riƙa duba bayan ganye ana murje tarin ƙwansu, a kuma fesa ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa kwana ɗaya, da yamma, sau ɗaya a mako. Gara ana rage ta da toka a ƙarƙashin tukwane da kuma ɗaga su daga ƙasa. Jan tabo mai tsawo a kara ko ganyen amarilis cutar laima ce, maganinta rage ruwa, cire ɓawon da ya kamu da kuma ba shi iska. Amma ganyen da ya fito da zane-zanen kore mai haske da mai duhu, shukar kuma tana ƙanƙancewa kowace shekara, wannan ba ya warkewa, kuma wuƙar da aka yanka shi da ita tana iya kai cutar ga na kusa, don haka a tumɓuke shi a ƙona komai kyan furensa. Saboda irin wannan ne ake ware duk sabon shigowa a wani lungu na makonni uku kafin a haɗa shi da sauran.

Wajibi ne kowa a gidan ya san cewa kusan dukkan waɗannan albasoshi guba ne. Baurere ya fi su haɗari, domin yana ɗauke da sinadarin kolcisin, kuma an sha samun mutanen da suka mutu a wasu ƙasashe bayan sun ci saiwarsa bisa zaton doya ce. Kada a taɓa adana su a kicin ko a ɗakin ajiyar abinci, kada a shanya su inda ake shanya kayan miya, a sa su inda hannun yara da bakin awaki ba za su kai ba, a kuma wanke hannu bayan an yi aiki da su.

Da zarar tarin ya wuce iri biyar ko shida, ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe ba, domin busassun albasoshi duk kamarsu ɗaya. A yanka farar jarka falle-falle a yi alluna, a rubuta launi, da wurin da aka samo, da watan da ya yi fure, kuma da fensir za a rubuta, saboda tawadar alƙalamin maka tana gogewa a rana cikin wata biyu. A soka allo ɗaya a bayyane, a binne wani a gindin tukunya saboda yara da kaji.

Hayayyafa ita ce ke mayar da mai tukunya uku mai tukunya talatin, ita ce kuma jarin musaya da sauran masu sha'awa, wanda ta nan ne ake samun irin da kuɗi ba ya saya. Hanya mafi sauƙi ita ce raba 'ya'yan da ke fitowa a gefen uwa, a lokacin hutu, idan sun kai sulusin girmanta sun kuma yi saiwar kansu, a ɓalle su da hannu, a shafa toka a ciwon, a bari ya sha iska kwana ɗaya kafin a dasa. Idan iri ne mai rowar 'ya'ya, ana iya tsaga babbar albasa da wuƙa mai tsabta daga sama zuwa ƙasa gida huɗu ko takwas, kowane yanki da rabonsa na faifan gindi, a kafa su cikin yashi mai ɗan danshi a inuwa, bayan wata biyu zuwa uku ƙananan albasoshi za su fito tsakanin ɓawon. Duka hanyoyin biyu suna ba da fure irin na uwar sak.

Mai neman sabon launi kuwa sai ya bi ta iri. Ana ɗebo garin rawayan nan na furen amarilis ɗaya da gashin kaza ko auduga, a shafa a kan tsinken tsakiyar wani furen a ranar da bakinsa ya rabu gida uku, a ɗaura zare a karan don shaida. Bayan makonni huɗu zuwa shida kwanson zai yi rawaya ya tsage, ya bayyana baƙaƙen iri masu faɗi, marasa nauyi kamar ƙonanniyar takarda. Ba sa jure ajiya, don haka a murza kowanne tsakanin yatsu, a zaɓi masu ɗan ƙullutu a tsakiya, a shuka su cikin makon a kasko mai yashi da taki, a rufe da ƙasa sama-sama. Waɗannan ƙanana ba a hana su ruwa da rani, ana barinsu da ganye shekara biyu cur a inuwa mai haske, ana sauya musu tukunya idan sun matsu, kuma galibi a shekara ta uku ko ta huɗu suke nuna furensu na farko, kowanne da irin launin da ya ɗauko daga iyayen biyu.